Awon Aljihu

Ubana ya koya mini awon aljihu
a rumfar nan tamu ta kasuwar Tawa,
da hannu, babu tef:
tafi guda a kwance, taƙi guda a tsaye.
Ya ce goro biyu, carbi, takardar lanho,
abin da ya wuce nan kaya ne,
kaya kuwa jaki ke ɗauka.

Shekara talatin ina kan awon nan
har Lahadin da Abarshi ya sauko daga Abijan
da waya kamar madubin wanzami.
Ta tsage bakin aljihu, ta leƙo waje
tana kallon mutane.
Ya ce, tela, buɗa mata ɗaki.
Na buɗa. Na ƙara yatsa uku, na ninka zare.
Da ya sa rigar sai ta karkace,
shadda mai jikka arba'in
tana tafiya kamar raƙumi mai laɓe guda.

Tawa wayar ƙarama ce.
Bibata ta aiko mini ita daga Yamai
cikin kwalin magani, ta hannun yaron mota,
da albashinta na fari a asibiti.
Na juya ta a tafina, na duba ta da idon aiki:
gilashi ya cinye fuskar duka,
an bar mata baki siriri
kamar kalmasar gyalen amarya.
Na ce wanda ya yanka wannan
ya san tsadar ƙyalle.

Ni ma rigimata ke nan da almakashi.
Ka bar kalmasa da faɗi, ka ci haƙƙin riga,
ka matse ta, wanki uku ta zare.
Tsakanin nan akwai wani wuri
da ba ya kan tef.
Na yi furfura ina lalubensa.

Hannun dama na kan keke,
hagu ta ɗauka, babban yatsa ya zagaye ta
kusurwa huɗu bai roƙi taimako ba.
Ta kwana a aljihun ubana,
goro na gefenta, ba su yi faɗa ba.

Amma ido ya tsufa.
Mata su turo samfurin surfani,
in ga fure kamar ƙwayar gero,
in buɗa da yatsa biyu, hannun rigar ya ɓace,
in mayar, furen ya ɓace.
Ran da aka haifi jikana
rezo ya yi kirki bayan isha'i.
Bibata ta ɗaga shi,
na ga hanci, na ga ido guda,
na ce ja da baya,
ta ja, suka koma biyu kamar ƙuda a kan faifai.

Ban yi barci ba.
Da safe na taka har Gaben Zogi,
na ce Abarshi, ara mini madubinka.
Ya yi dariya har ya riƙe ciki.
Na tallabe ta da hannu biyu kamar ƙwaryar fura,
ga yaro nan ɗungum,
kunnuwan kakarsa, Allah ya jiƙanta,
har da lanƙwasar nan ta sama.
Na daɗe.
Sai da wuyan hannu ya yi tsami
na tuna akwai wandon Asumana a ƙarƙashin allura.

Abarshi ya ce, mu yi musaya, ka cika jikka goma.
Na auna ta da tafina, ta wuce.
Na auna da taƙi, ta wuce.
Na ce bari in yi shawara.

Yau sati uku ina shawara.
Na yanka wa kaina sabuwar riga,
wuya ya zauna, hannuwa sun zauna,
aljihun ne ban ɗinka ba.
Alli na bayan kunnena,
na ja layi biyu a ƙirji,
kowace safiya in goge ɗaya.